Gano hanya a daji

Gano hanya a daji sani ne da matafiyi ke amfani da shi don ya san inda yake, inda ya nufa da kuma yadda zai koma, a wuraren da babu titi, babu allon kwatance, sau da yawa kuma babu sabis na waya. Masu yawon buɗe ido da ke yada zango a daji, masu hawan duwatsu, sojoji, ma'aikatan gandun daji da masu aikin ceto duk suna koyonsa. Manyan kayan aikinsa uku ne: taswirar yanayin ƙasa, kamfas, da na'urar GPS. Kowane ɗaya yana da irin yanayin da yake gazawa, shi ya sa ake koyar da amfani da su tare, ɗaya yana tabbatar da abin da ɗaya ya nuna. Tushen ilimin shi ne matafiyi ya riƙa sanin inda yake tun daga farkon tafiya, domin gano wuri bayan an riga an ɓace ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Dalilin ɓacewa

Ɗan Adam ba ya iya miƙe hanya na dogon lokaci idan babu abin da yake kallo ya daidaita kansa da shi. A shekarar 2009 masu bincike na Cibiyar Max Planck da ke Tübingen a Jamus sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a wani daji na Jamus da kuma hamadar Sahara a Tunisiya. Sun bi sawun mutanen da aka ce su miƙe sak na tsawon sa'o'i, suka gano cewa waɗanda suke ganin rana sun yi tafiya kusan a miƙe, waɗanda kuwa gajimare ya rufe musu ita sun riƙa zagayawa suna dawowa kan sawunsu ba tare da sun sani ba.

Ba sai an yi nisa ake ɓacewa ba. A watan Yulin 2013 wata mata mai shekara 66 da ke tafiya ita kaɗai a kan hanyar ƙafa ta Appalachian, a jihar Maine ta Amurka, ta ratse cikin daji don biyan buƙata, ta kasa gano hanyar komawa. Saƙonnin da ta yi ƙoƙarin aikawa ta waya ba su tafi ba saboda rashin sabis. Littafin da take rubutu a ciki ya nuna ta rayu kusan kwana 26 a cikin tantinta. Sai a watan Oktoban 2015 aka gano gawarta, kimanin kilomita 3 daga hanyar.

Taswirar yanayin ƙasa

Taswirar da ake shiga daji da ita ta bambanta da taswirar tituna, domin tana nuna tudu da kwari, koguna, fadamu, dazuzzuka da hanyoyin ƙafa. Hukumomin safiyo na ƙasashe ne suka fi buga irinta. A Birtaniya akwai Ordnance Survey, wadda aka kafa a 1791, a Amurka kuma akwai hukumar USGS ta 1879. A Najeriya aikin yana hannun Ofishin Babban Safiyo na Tarayya.

Abu na farko da ake dubawa shi ne ma'aunin taswira. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita 2 a takarda daidai yake da kilomita 1 a ƙasa. A mai 1:25,000 kuwa santimita 4 ne kilomita 1, don haka ta fi nuna ƙananan abubuwa amma yankin da ta ƙunsa ya fi ƙanƙanta. Sanannun taswirorin USGS suna kan 1:24,000. Taswirar da ta kai 1:200,000 ta fi dacewa da tafiyar mota a hamada, ba ta isa ga mai tafiya a ƙafa cikin duwatsu ba.

Abu na biyu shi ne layukan tudu, waɗanda galibi ake zana su da ruwan ƙasa. Kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu daga teku ɗaya ne. Inda layukan suka matsu da juna gangare ne mai tsanani, inda suka buɗe kuma fili ne ko tudu mai sauƙi. Zagaye a cikin zagaye yana nuna ƙololuwa. Idan layukan suka yi tsini kamar harafin V a inda suka ƙetare rafi, tsinin yana kallon inda ruwan yake fitowa. Tazarar tsayi tsakanin layi da layi tana rubuce a gefen taswira, kuma a yawancin tsofaffin taswirorin Najeriya da ƙafa aka auna ta maimakon mita.

Shekarar da aka yi safiyo ita ma tana gefen takardar. Yawancin taswirorin Najeriya masu ma'aunin 1:50,000 an zana su ne daga hotunan sama na wajajen shekarun 1960. Tsaunuka da kwaruruka suna nan yadda aka zana su, amma ƙauyuka sun tashi, an yi madatsun ruwa, gonaki sun cinye dazuzzuka, wasu rijiyoyin kuma sun ƙafe. Saboda haka ake fi dogara ga siffar ƙasa a kan abin da mutum ya gina.

Kamfas

Kamfas ɗin da masu tafiyar daji suka fi riƙewa shi ne mai farantin roba da ake gani ta cikinsa, wanda za a iya ɗora shi a kan taswira a auna kusurwa. Wani ɗan ƙasar Sweden, Gunnar Tillander, ne ya ƙirƙiro wannan samfurin, ya kuma haɗu da 'yan'uwan nan na gidan Kjellström suka kafa kamfanin Silva a 1933.

Ana amfani da shi a matakai uku. Ana ɗora gefen farantin a kan taswira ya haɗa inda ake da inda za a je. Sannan a juya zoben da ke ɗauke da digiri har layukan cikinsa su yi daidai da layukan arewa na taswira. Daga nan a ɗauke shi a riƙe a kwance, matafiyi ya juya jikinsa har jan kan allura ya shiga cikin kibiyar zoben. Inda kibiyar farantin ta nuna, can ne hanya. Ba a tafiya ido na kan allura. Ana zaɓen wata bishiya ko dutse da ke kan layin, a je wurinsa, a sake zaɓen wani.

Allurar kamfas ba ta nuna ainihin arewa, tana bin maganaɗisun duniya ne, kuma bambancin da ke tsakanin su biyun yana sauyawa daga wuri zuwa wuri, daga shekara zuwa shekara. A Najeriya da Nijar karkatar ƙarama ce a yanzu, ba ta wuce digiri ɗaya zuwa biyu, ko da yake ta fi haka girma lokacin da aka buga tsofaffin taswirori. A jihar Washington ta Amurka ta kai kimanin digiri 15 zuwa gabas, a Maine kuma kusan haka zuwa yamma. Kuskuren digiri 1 yana kautar da mutum kimanin mita 17 a kowace kilomita, kuskuren digiri 15 kuwa fiye da mita 250. Ƙarfe, wayar hannu, mota, wayoyin lantarki da duwatsu masu tama duk suna iya karkatar da allura.

GPS da wayar hannu

Tsarin GPS na gwamnatin Amurka ne, kuma yana aiki da taurarin ɗan Adam aƙalla 24 da ke zagaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200. Na'ura tana buƙatar saƙo daga huɗu daga cikinsu kafin ta lissafa wuri da tsayi. Har zuwa watan Mayun 2000 da gangan ake rage ingancin saƙon da farar hula ke samu. Tun da aka daina, na'urar hannu takan nuna wuri da kuskuren 'yan mitoci a sarari. Wayoyin zamani suna haɗawa da GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin.

GPS na waya yana aiki ko babu sabis, amma taswirar da ke ƙarƙashin ɗigon ba za ta bayyana ba sai an sauke ta tun daga gida. Batir yana saurin ƙarewa a sanyi, waya kuma takan kashe kanta a tsananin zafi. A cikin kwazazzabo mai zurfi ko kurmi mai duhu saƙon yakan raunana. Haka nan na'ura tana iya jan layi miƙaƙƙe zuwa zango alhali akwai kogi ko gangaren dutse a tsakani.

Akwai kuma batun tushen awo. GPS yana lissafi da tsarin WGS 84, tsofaffin taswirorin Najeriya kuwa an yi su ne a kan tsarin Minna. Lambobi iri ɗaya a tsarin biyu suna iya nuna wurare biyu da ke da tazarar gomman mitoci, sai an saita na'urar ta dace da abin da aka rubuta a gefen taswira.

GPS yana karɓar saƙo ne kawai, ba ya sanar da kowa inda mai shi yake. Don neman agaji akwai ƙaramar na'urar da ke aika kira a zangon 406 MHz ta tsarin ceto na ƙasa da ƙasa mai suna Cospas-Sarsat.

Dabarun tafiya

Ana ƙiyasta lokaci kafin a tashi. Ƙa'idar da mai hawan duwatsu ɗan Scotland William Naismith ya kawo a 1892 ta ba da sa'a 1 ga kowace kilomita 5, a ƙara sa'a 1 ga kowane hawan mita 600. Kaya mai nauyi, rairayi da zafi suna ƙara wa wannan lissafin. A gajeren zango ana ƙirga taku, bayan matafiyi ya auna yawan takunsa a mita 100.

Wata dabara ita ce bin gefen abu mai tsawo, kamar kogi, ƙoramar da ta bushe ko bayan tsauni. Wata kuma ita ce kaucewa da gangan. Mai neman zangonsa da ke bakin rafi, idan ya nufi zangon kai tsaye ya fito rafin bai gan shi ba, ba zai san ko dama ko hagu zai bi ba. Idan kuwa tun farko ya karkata kaɗan zuwa dama, da ya iso rafin ya san hagu zai juya. Ana kuma waiwaye lokaci-lokaci, domin hanya tana sauya kama idan an juyo.

Wanda ya fahimci ya ɓace, shawarar masu ceto ita ce ya tsaya, ya tuna wuri na ƙarshe da ya tabbatar, ya dubi ƙasa ya gwada da taswira kafin ya ƙara taku. Idan yana hangen ƙololuwa biyu da ya gane, zai iya auna kusurwar kowacce ya ja layinta a takarda. Yana kusa da inda layukan suka haɗu. Barin bayanin hanya da ranar dawowa a wurin wani kafin tafiya shi ne abin da yake nuna wa masu nema inda za su fara.

Sanin gargajiya

Tun kafin waɗannan kayan aiki ayarin gishiri ke ratsa hamadar Tenere daga yankin Agadas zuwa Fachi da Bilma, madugu yana jagoranci da rana, taurari, yanayin rairayi da sanin rijiyoyi. Bishiyar Tenere, ƙwaya ɗaya tilo a bakin wata rijiya, ta zama alama har aka sa ta a taswirori masu ma'aunin 1:4,000,000. Wata babbar mota ta kayar da ita a 1973, aka kai gangar jikinta gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Tauraron arewa yana nuna ainihin arewa, kuma tsayinsa daga inda sama ta haɗu da ƙasa daidai yake da latitud ɗin mai kallo: kimanin digiri 12 a Kano, 17 a Agadas. Saboda yana ƙasa-ƙasa a wannan yanki, ƙurar hunturu takan ɓoye shi. A wurare irin su tsaunukan Ayar da gandun dajin Gashaka-Gumti, inda Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 yake, baƙi kan tafi da ɗan jagora na yankin ko da suna riƙe da taswira da GPS, domin shi ya san mashigar da ruwa ya cinye da kuma rijiyar da ke da ruwa a wannan shekarar.