Wasiƙa Daga Landan: Luis Suárez Na Farko

'Yan uwa ku yi haƙuri, kwana biyu kun ji ni shiru, rubutun digiri ne ya sa ni gaba.

Ranar Asabar na fita miƙe ƙafa, na bi ta gaban Stamford Bridge, filin Chelsea. Nan ne a ranar 5 ga Maris 1958 Barcelona ta kara da zaɓaɓɓun 'yan wasan kulob-kulob na Landan a zagayen farko na wasan ƙarshe na kofin Fairs, aka tashi biyu da biyu. Da aka koma Barcelona ranar 1 ga Mayu, 'yan Landan sun sha kashi da ci shida da nema. Biyu daga ciki wani saurayi ne ya ci, ana gobe zai cika shekara 23. Sunansa Luis Suárez.

Na san tuni wasu sun ce ai sun san shi. To ba na Uruguay mai cizo nake nufi ba. Wannan ɗan Sifaniya ne, ɗan wasan tsakiya, an haife shi a garin A Coruña a 1935. Ya ci gasar Sifaniya da Barcelona a 1959 da 1960, a 1960 ɗin kuma aka ba shi Ballon d'Or. Sai da aka shekara 64 kafin wani namiji haifaffen Sifaniya ya sake cin kyautar, wato Rodri a 2024. Ko a Wembley ya jefa wa Ingila ƙwallo a Oktoba 1960, duk da Ingila ce ta yi nasara da ci huɗu da biyu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk da wannan bajinta, wani ɓangare na magoya bayan Barcelona ihu suke masa a filinsu. Laifinsa? Suna ganin koci Helenio Herrera yana fifita shi a kan gwaninsu Kubala. Ga kuma bashin ginin Camp Nou ya yi wa kulob katutu. Don haka a 1961, shekarar da Benfica ta doke su a wasan ƙarshe na kofin Turai, aka sayar da shi ga Inter Milan a kan lira miliyan 250, kuɗin da ba a taɓa biya wa wani ɗan wasa ba a lokacin.

A Milan ya tarar da Herrera, wanda ya ja shi baya, gaban masu tsaron gida. Daga can yake karɓar ƙwallo ya cilla ta nesa ga su Mazzola da Jair. Ƙwallayen da yake ci sun ragu, amma Inter ta ɗauki kofin Turai a 1964 da 1965, da gasar Italiya sau uku. A ganina nan ne ya zama cikakken gwani, ba a shekarar Ballon d'Or ba. A 1967, da rauni ya hana shi buga wasan ƙarshe, Celtic ta doke Inter.

Bai yanke hulɗa da gida ba. Yana cikin waɗanda suka ci wa Sifaniya kofin nahiyar Turai a 1964, shi ne kuma kocinta a gasar cin kofin duniya ta 1990. A 2015 ya kai Ballon d'Or ɗinsa gidan tarihin Barcelona ya bar musu. Amma shi kansa a Milan ya zauna, a can ya rasu ranar 9 ga Yuli 2023.

Ina hanyar komawa ɗaki Hajiya ta kira daga Kano, da tambayarta ta kullum: "Kai yaushe za ka gama ka dawo ne?" Na ce mata, "Hajiya, in sha Allahu baɗi." Haka na ce mata bara ma.

Sai wasiƙa ta gaba.