Ganuwar Abuja da Ƙauyukan da Suka Ciyar da Ita

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu sun ɗauka cewa Abuja ta fara ne a 1976, lokacin da marigayi Janar Murtala Muhammed ya ba da dokar kafa sabon babban birni. To, ba haka abin yake ba, sunan ya girmi dokar nesa ba kusa ba.

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa, ya yo kudu, ya sauka a Zuba wurin Koro. Da ya rasu a yaƙin Lapai a 1825, sai ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi. Shi ne ya kafa gari a 1828 kusa da Dutsen Zuma, ya kewaye shi da ganuwa, garin ya ci sunansa. Dakarun Zariya sun sha kawo hari, amma ba su taɓa cin garin ba, har zuwan Turawa a 1902. Shi ne yau ake kira Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, bayan an ba sabon birni tsohon sunan.

Amma fa jama'a, ganuwa ba ta noma. Doya da dawa da itace da tukwane duk daga ƙauyukan Gbagyi, waɗanda muke ce wa Gwari, da Koro da Gade da Gwandara suke shigowa. Da babu su, da mutanen cikin ganuwa ba su kai labari ba. Garki da Wuse da Maitama da muke kasuwanci a cikinsu yau, sunayen ƙauyukan mutanen nan ne. An tashi wasu zuwa Sabon Wuse, wasu Kubwa, suka bar gonaki da kaburburan iyaye.

Saboda haka mu da muka zo neman halali daga Kano, Katsina, Sakkwato da Zazzau, mu san cewa mun tarar da masu gida. Mu cika musu mudu, mu girmama sarakunansu, in ana maganar diyyar filayensu kada mu yi kunnen uwar shegu. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.