Dalar Gyaɗa da Ganyen da Muka Dafa a Aji Uku

Da aka nemi in rubuta wani abu na tarihi a wannan fitowa, sai na tuna ranar da Malamin Bayoloji ya shigo da tukunyar shuka wadda ya kulle a duhun kabad kwana biyu, ya rufe rabin ganye ɗaya da baƙar takarda, ya ajiye ta a rana. Muka tsinke ganyen, muka dafa shi a ruwa, sannan a sifirit har korensa ya fita, muka ɗiga masa aidin. Inda rana ta taɓa ya yi baƙi-baƙi, inda aka rufe kuwa bai sāke ba. Malam ya ce, "Wannan baƙin sitaci ne, kuma da shi aka gina Bompai." Muka yi ta dariya. Shekarar 1975 ke nan.

Abin da yake nufi shi ne fotosintesis. A cikin ganye akwai koren sinadari, kulorofil, wanda yake kama hasken rana. Da ƙarfin hasken nan ganye yake fasa ruwan da saiwa ta zuƙo, ya saki oksijin da muke shaƙa, sannan ya yi amfani da ƙarfin da ya tara ya mai da iskar kabon dayoksaid ta zama sukari. Daga sukarin nan shuka take yin sitaci da mai da ƙara da komai nata. An daɗe kafin a gane haka. Jan Ingenhousz, likita ɗan ƙasar Holan, shi ya nuna a 1779 cewa sai da haske koren ganye yake gyara iska. A 1845 Bajamushe Robert Mayer ya bayyana cewa shuka tana adana ƙarfin rana ne a jikinta, kuma sai 1961 Melvin Calvin na Amurka ya sami lambar Nobel saboda gano matakan haɗa sukarin.

To, me ya haɗa wannan da Kano? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun sa rai auduga za a riƙa lodawa zuwa masaƙun Ingila, amma manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, domin masana'antun Turai suna neman mai na yin man shafa wa burodi da sabulu. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, wato ranar daminarmu ce a dunƙule cikin ɓawo. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka shiga saye gadan-gadan. Da yake taragon jirgi ba ya iya kwashe kayan a kan lokaci, sai aka riƙa jera buhuna ana tayar da dala, a wajejen Ƙofar Mazugal da sauran wurare. Waɗanda suka hau ta suna yara ba sa bukatar in kwatanta musu. A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

Daga baya aka ga bai kamata a fitar da komai ɗanye ba, sai injunan matsar mai suka tashi a Bompai, wadda ita ce babbar yaya ga Sharaɗa da Challawa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a ɗaya daga cikin waɗannan injuna yake aiki, muna zaune a Gwagwarwa. Idan ya dawo da yamma a kan kekensa, ƙanshin ƙuli-ƙuli ne yake riga shi shiga gida. Ko majemun da suka cika Challawa da Sharaɗa, idan ka bi salsala, fatar akuyar da ta ƙoshi da harawar gyaɗa suke jema.

Sai fari ya zo, ya fi tsanani a 1973. Shukar da ta ji ƙishi takan rufe ƙananan ƙofofin ganyenta don kada ruwa ya tsere, kuma ta nan ne iskar da take haɗa abinci da ita take shiga. Gero da dawa suna da wata dabara ta tara wannan iska ko da ƙofofin ba su buɗe sosai ba, abin da Hatch da Slack suka bayyana a Ostireliya a 1966. Gyaɗa ba ta da ita. Ba a gama farfaɗowa ba sai annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda darɓa take yaɗawa. Na je ƙauyenmu hutu a wannan damina, na ga gonar kawuna: shuka ta tsugune, ganye ya ƙanƙance ya yi ɗorawa, kai ka ce shi ma an dafa shi a sifirit. Da muka tuge babu 'ya'ya. A nan ne na daina yi wa Malam dariya.

Ba zan ɗora wa darɓa laifin duka ba. Hukumar sayen amfanin gona ta daɗe tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, ga kuma kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati da na samarin ƙauye. Kafin a rushe hukumomin a 1986 dala ta riga ta zama labari. Masu bincike a Samaru, Zariya, sun fito da irin SAMNUT masu jure cutar, kuma ana noman gyaɗa har yau, amma cikin gida ake cinye yawancinta.

An sallami mahaifina ina aji biyar, domin injin ba ya samun abin matsa. Ya koma sayar da itace a bakin titi. Ranar da na gaya wa Malam, sai ya yi shiru, can ya tambaye ni ko na san daga ina zafin itacen yake fitowa. Na ba shi amsa, ya ce in je in biya wa 'yan aji uku.