Zumunci a Matsayin Garkuwar Zuciya: Nazarin Damuwa da Juriya a Rano da Kibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda jin cewa mutum yana da nasa ke rage masa nauyin damuwa a ƙananan hukumomin Rano da Kibiya na kudancin Jihar Kano. An dogara ne kan rubuce-rubucen masana halayyar ɗan Adam da lura da al'adun yau da kullum. Maƙalar ta gano cewa tushen juriya a wannan yanki shi ne zumunci, sai dai kunya da kawaici kan rufe wasu raunukan zuciya har su ruɓe.

Gabatarwa

Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma tarihin baka ya haɗa ta da Kano a matsayin sarakunan baba. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ba ta sarki mai daraja ta ɗaya, Alhaji Tafida Abubakar Ila, wanda ya rasu a 2020. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe masarautar, sannan a watan Yuli ta dawo da ita da daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. Cikin shekara biyar, amsar tambayar "ku na wace masarauta ne?" ta sauya sau uku. Tambayar wannan nazari ita ce: idan inuwar sama tana gushewa haka, me ke riƙe da zuciyar talaka?

Ra'in Bincike

Tajfel da Turner (1979) sun nuna cewa mutum yana ɗebo wani kaso na ƙimarsa daga rukunin da yake ciki. Cohen da Wills (1985) sun bayyana cewa tallafin jama'a yana tare kaifin damuwa kafin ta illata lafiya. Erikson (1976), bayan ambaliyar Buffalo Creek a Amurka, ya nuna cewa masifa kan tsinka igiyar da ta ɗaure al'umma, wanda hakan rauni ne na daban. A gida kuwa, Kirk-Greene (1974) ya sanya haƙuri da kunya cikin siffofin mutumin kirki.

Tattaunawa

Zaman makoki ne ya fi fito da wannan garkuwa fili. Da an dawo daga maƙabarta, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta su yi ta shigo da kwanukan tuwo, domin ba a barin masu rashi da hura wuta. Mai gaisuwa ya durƙusa ya ce, "Baba, ya haƙuri?" Wanda aka yi wa rasuwa zai maimaita labarin jinyar sau da dama a yini guda, kowane maimaici kuma yana sassauta ƙullin da ke ƙirjinsa. Haka gayya take ga manomin da ciwo ya kwantar da damina, haka adashi yake ga mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma garkuwar tana da huji. Bayan sadakar uku jama'a sukan watse, mai takaba kuwa tana da wata huɗu da kwana goma a gabanta. Idan ta ce gabanta yana faɗuwa, ko barci ya ƙaurace mata, ko tunani ya yi mata yawa, sau da yawa amsar ita ce "sai haƙuri". Matashin da ke firgita cikin dare yakan yi shiru don kada a ce ya taɓu. Asibitocin da ke kula da irin wannan lalura, kamar na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suna can Kano, ga kuɗin mota, ga tsoron bakin mutane.

Kammalawa

Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma doka ba ta zuwa gaisuwar mutuwa. Masu zuwa su ne limamai da masu unguwanni da ungozomomi da malaman Islamiyya. Maƙalar tana ba da shawarar a horar da waɗannan su gane lokacin da baƙin ciki ya zama ciwo, su raka mai shi asibiti ba tare da tozarci ba. Zumunci a ƙafa yake. Abin da ya rage shi ne ƙafar ta ci gaba da zuwa bayan an naɗe tabarmin makoki.