Daga Akumarin Jaki zuwa Iskar Taya

A fahimtata, tarihin fataucin Gwanja tarihin shiri ne kafin a bar zango. A ƙarni na 19, ayarin fatake kan taso daga Kano da kanwa da tufafi da jar fata, ya ratsa Borgu, ya biyo ta Yendi, fadar Ya Na, ya sauka Salaga, inda ake sayen goron ƙasar Asante. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara.

Madugu uban tafiya ba ya cewa a tashi sai an duba dabbobi. A gyara akumari kada ya ci bayan jaki, a daidaita mangala kada gefe ya rinjayi gefe, a duba kofato. Jakin da ya yi miki a daji, dole a raba kayansa ga sauran, su ma nauyi ya karya su.

Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa kasuwar Salaga, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da sauran zanguna. Daga baya mota ta karɓi aikin jaki. Yau tireloli ne ke ɗauko albasar Nijar, su shigo Gana ta Kulungugu kusa da Bawku, su nufi Kumasi da Accra.

Abin da kofato yake ga jaki, shi taya take ga tirela. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a ƙarƙashin lodi, ta yi zafi, ta fashe. Shi ya sa ake auna iska da sassafe tana sanyi, da ma'auni, don bugun ƙarfe da yaran mota ke yi ba ya nuna adadi. In rana ta take iska ta ƙaru, kuskure ne a sace ta. A tayoyin da ke jere biyu-biyu, in ɗaya ta yi laushi, 'yar'uwarta ce ke ɗaukar nauyin, kamar jakunan can.

Albasa, kamar goro, ba ta jiran mai faci. Kwana biyu a bakin titi cikin zafin Bawku ya isa ya cinye jarin ɗan kasuwa. Ina ganin direban da ya tsuguna ya auna tayoyinsa kafin ya tayar da inji, gadon madugai yake riƙe da shi.