Turbar Doki Ta Koma Ta Keke: Tarihin Canal du Midi

 

Yau kudancin Faransa za mu leƙa. Akwai wani irin hutu da Turawa ke yi a can, wanda idan aka ba ka labarinsa za ka ce wahala ce suka saya da kuɗinsu. Mutane kamar goma ko ashirin za su kama wani shimfiɗaɗɗen jirgin ruwa na tsawon mako guda, a cikinsa za su kwana, a cikinsa za su ci. Da safe kowa ya sauke kekensa ya bi gefen ruwa, ya yi kilomita talatin ko arba'in, jirgin kuma yana biye a hankali. Da yamma a haɗu a wani gari, a kwana, gobe a sake. Hanyar ruwan da suke bi ɗin ba kogi ba ce, mutane ne suka haƙa ta da hannu. Sunanta Canal du Midi, tsawonta kilomita 240, daga birnin Toulouse har zuwa tafkin Thau da ke bakin Bahar Rum, kusa da garin Sète.

Na zaɓi wannan batu ne saboda yadda muke yawan kai taurarin labaranmu ƙasashen waje, amma daga filin jirgi sai otal, daga otal sai kantin sayayya. Alhali kowane wuri yana da dalilin da ya sa ya zama yadda yake. Mai keken nan da ke jin daɗin cewa hanyar ba tudu ba gangare, ga inuwa, ba a yi ko ɗaya dominsa ba. Gadon 'yan dako yake ci.

Matsalar da ta haifi wannan aiki tsohuwa ce. Faransa tana da teku biyu, Atlantika a yamma da Bahar Rum a kudu. Ɗan kasuwan da ke son kai kaya daga wannan zuwa wancan ta ruwa sai ya zagaye Sifaniya kaf, ya ratsa mashigin Jibralta, tafiyar makonni, ga guguwa ga 'yan fashin teku. Sarakuna da dama sun yi mafarkin yanke wannan zagaye. Kogin Garonne ya riga ya haɗa Toulouse da Atlantika, abin da ya rage a haƙa daga Toulouse zuwa Bahar Rum. Haƙa ba ita ce damuwar ba. A tsakiyar hanya akwai wani tudu, Naurouze, mai tsayin kimanin mita 190 daga doron teku, kuma duk hanyar da aka haƙa dole ta hau kansa ta sauka. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Daga ina za a samo ruwan da zai riƙa cika ƙololuwar nan rani da damina? A nan duk masu tsari suka riƙa tsayawa.

Wanda ya warware ta ba injiniya ba ne. Pierre-Paul Riquet, haifaffen Béziers, mai karɓar harajin gishiri ne, sana'ar da ta ba shi dukiya ta kuma ba shi sanin kowane lungu na yankin Languedoc. Ya lura cewa tsaunin da ake kira Montagne Noire yana da ƙoramu masu yawa, kuma ya fi Naurouze tsayi. Idan aka tare waɗannan ƙoramu aka koro su ta wata siririyar magudana zuwa Naurouze, ruwan zai rabu biyu da kansa, wani ya gangara yamma wani gabas. A 1662 ya rubuta wa Colbert, ministan kuɗin Sarki Louis na 14. Colbert bai saki kuɗi nan take ba, sai da Riquet ya haƙa magudanar gwaji ya nuna ruwan yana isowa. A watan Oktoban 1666 sarki ya sa hannu. A lokacin Riquet ya haura shekara hamsin da biyar.

Don rani, ya gina madatsar Saint-Ferréol, mai tsawon kusan mita 800, wadda babu kamarta a Turai a zamanin. Har yau ita ke shayar da hanyar. Masu keke da yawa ba sa zuwa wurin domin ya kauce daga turba, sai an yi hawa, amma duk ruwan da jirginsu ke shawagi a kai a wannan yanki daga tsaunin nan ya sauko.

Aikin ya ci shekara goma sha huɗu. A lokacin da ya fi zafi, ma'aikata sun kai wajen 12,000, da diga da shebur da kwando. Cikinsu akwai mata masu yawa, kuma a nan ne tarihin ya fi burge ni. An daɗe ana ambatonsu a matsayin masu ɗaukar ƙasa a ka kawai. Sai wata mai bincike, Chandra Mukerji, a littafinta Impossible Engineering na 2009, ta kawo hujjar cewa matan da suka sauko daga tsaunukan Pyrénées sun zo da ilimin sarrafa ruwa da suka gada a ƙauyukansu: yadda ake bin gefen tudu da magudana ba tare da ruwan ya tsaya ko ya ɓalle ba, yadda ake rage yashi, yadda ake toshe yoyo. Mutanen da ba su iya rubuta sunansu ba, sai ga shi hannunsu na cikin abin da masu digiri ke zuwa kallo yau. Allo ɗaya ba a kafa da sunan ko ɗaya daga cikinsu ba a lokacin, sunan Riquet ne a kan tituna da gumaka. Shi ma dai, a yi masa adalci, ya biya albashin wata, kuma ba ya yanke kuɗin ranar Lahadi ko ranar ruwan sama ko ranar ciwo, abin da ba a saba gani ba a ƙarni na 17.

To yaya jirgi ke hawa tudu? Ga wanda bai taɓa gani ba, ka ɗauka wani ɗaki ne marar rufi da aka gina a tsakiyar hanyar ruwan, da ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a buɗe wasu 'yan tagogi a ƙofar gaba, ruwan sama ya kwararo ya cika ɗakin, jirgin ya taso har ya yi daidai da ruwan gaba, sai a buɗe masa ya wuce. Saukowa kuma a juya abin. Irin waɗannan ɗakuna a wurare 63 suke a kan hanyar yau. Na Riquet ba su da bango miƙaƙƙe, siffar ƙwai gare su, domin na farko da aka gina a miƙe ƙasa ta turo su, sai aka lanƙwasa bangon ya riƙa jure nauyi. A Fonseranes, bakin garinsa Béziers, ya jera ɗakuna takwas a manne da juna kamar matakala, suna ɗaga jirgi sama da mita 21 a cikin tazarar mita 300. Kafin nan, a Malpas, da tudu ya tare shi, sai ya huda shi a 1679, jirage suka riƙa bi ta ƙarƙashin ƙasa. Tsakanin Argens da Fonseranes kuma akwai kilomita kusan 54 da babu ɗaki ko ɗaya, ruwan a shimfiɗe yake yana ta lanƙwasa yana bin ƙugun tuddai. Wannan lanƙwasa da masu ɗaukar hoto ke so, lissafin kauce wa hawa ne.

Riquet bai ga ƙarshen aikinsa ba. Ya rasu ranar 1 ga Oktoba, 1680, saura 'yan kilomita a kai teku. A watan Mayun 1681 aka buɗe hanyar. Ya zuba dukiyarsa a ciki, ya bar wa 'ya'yansa bashin da ya haura liba miliyan biyu a kuɗin lokacin, kuma sai da iyalin suka yi fiye da shekara arba'in kafin su gama biya. Daga baya hanyar ta mayar musu da riba mai yawa, domin sarki ya mallaka musu ita. Vauban, babban injiniyan soja, ya zo a 1686 ya ƙara gadoji masu ɗauke da ruwa a inda ƙoramu ke cika ta da laka.

Yanzu mu dawo kan turbar. Jiragen ba su da inji, doki ko alfadari ke jan su da igiya daga bakin gaɓa. Shi ya sa aka yi turba a gefen ruwan tun daga farko har ƙarshe, kuma tunda ruwa a shimfiɗe yake, ita ma dole ta shimfiɗu. Alkama da giya da gishiri da itace duk ta nan suka bi. Akwai kuma jirgin fasinja da wasiƙu, mai yin kwana huɗu daga Toulouse zuwa Agde, da wuraren cin abincin rana da na kwana da aka tsara masa. Don gudun ɓata lokaci da ruwa, a wuraren da ɗakunan suka yi yawa fasinja kan sauka da kayansu su taka zuwa wani jirgin da ke jira a ɗaya gefen. Ɗaya daga cikin wuraren kwanan shi ne ƙauyen Le Somail, inda masaukin da ɗakin ajiyar ƙanƙara suke tsaye har yau. Ku da kuke marubuta, a ƙauyen nan akwai wani tsohon ɗakin ajiya da aka mayar kantin tsofaffin littattafai, dubbai a jere har rufi.

Idan ana neman kakan masu yawon buɗe ido a wannan hanya, Thomas Jefferson ne, tun kafin ya zama shugaban Amurka, yana jakada a Faransa. A watan Mayun 1787 ya cire ƙafafun keken dokinsa, ya ɗora shi a kan jirgi, ya yi kwana tara daga Sète zuwa Toulouse. Mafi yawan tafiyar a ƙafa ya yi ta a kan turba, idan ya gaji ya shiga keken ya zauna yana rubutu. Ya auna ɗakunan ruwan, ya ƙirga mintocin da ake ɓatawa wajen buɗe ƙofa, ya kuma rubuta cewa mata ne ke yawan aikin ƙofofin. Ka cire dokin ka sa keken hawa, tsarin hutun yau ke nan.

Jirgin ƙasa ne ya karya ta. A 1857 aka buɗe layin dogo daga Bordeaux zuwa Sète, yana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da ruwan. Shekara guda bayan haka gwamnatin Napoleon na 3 ta ba kamfanin jirgin ƙasan hayar hanyar ruwan na shekara arba'in. An ba kura ajiyar nama. Kamfanin ya tsara farashi yadda kaya za su koma kan dogo, kuma ko da gwamnati ta karɓe ta a 1898, ciniki bai sake komawa yadda yake ba. Ga wata matsalar kuma: ɗakunan Riquet mita 30 ne, jiragen dakon da Faransa ta koma yi sun haura mita 38. A shekarun 1970 aka fara tsawaita ɗakunan, aka yi kaɗan a bakin hanyar biyu, aka watsar. A Fonseranes har wata na'ura aka gina mai tura jirgi a kan gangara don a huta da matakalar, ta yi ta lalacewa har aka rufe ta, tana nan tana tsatsa kusa da aikin 1680 da ke ci gaba da aiki. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 dako ya tsaya gaba ɗaya.

A ganina wannan gazawar ce ta cece ta. Da an samu kuɗin da za a gyara ta ta dace da zamani, da an rushe ɗakunan masu siffar ƙwai an zuba kankare, kuma da wuya UNESCO ta saka ta cikin wuraren tarihi na duniya kamar yadda ta yi a 1996. Tsofaffin jiragen giya aka share aka yanka musu ɗakunan kwana. Dokar gudu a ruwan kilomita 8 ce a awa, wato mai keke ko bai yi ƙoƙari ba zai riga jirgi isa, ya tsaya a Castelnaudary ko ya shiga tsohuwar ganuwar Carcassonne ya fito jirgin bai iso ba. Carcassonne ɗin ma da farko hanyar kauce mata ta yi, domin mutanen garin sun ƙi ba da nasu kason kuɗin, sai a 1810 aka karkato da ita ta cikin gari. Turbar kanta ba ko'ina take da daɗi ba: daga Toulouse zuwa kusa da Naurouze an shimfiɗa mata kwalta, daga nan gaba akwai wuraren da ƙasa ce da saiwoyi, idan aka yi ruwa sai taɓo.

Saiwoyin nan su ne ƙarshen zancen. Hoton da ke sa mutane biyan kuɗi su zo shi ne na manyan bishiyoyin da Faransawa ke kira platane, a jere hagu da dama, rassansu sun haɗe a sama kamar rumfa. Ba Riquet ya dasa su ba, yawancinsu a ƙarni na 19 aka dasa, don su riƙe gaɓa su kuma ba dawaki da mutane inuwa. Sun kai wajen 42,000. A 2006 aka gano wata cutar fumfuna a jikinsu a kusa da Carcassonne, wadda ake kyautata zaton ta shigo Faransa ne a cikin akwatunan katako na makaman sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Ba ta da magani. Tana shiga ta inda bishiya ta ji rauni, ta toshe mata hanyar ruwa, cikin 'yan shekaru ta bushe. Ruwan hanyar yana ɗaukar ƙwayarta, kuma jiragen hutu da ke gogar saiwa ko a ɗaure igiyarsu a jikin bishiya sun taimaka wajen yaɗa ta, shi ya sa aka hana ɗaure jirgi a jikinsu. Wadda ta kamu sai a sare ta a ƙone a wurin, har da na kusa da ita.

An riga an sare fiye da rabinsu. Hukumar hanyoyin ruwa ta Faransa, VNF, tana dasa wasu, kuma wannan karon iri daban-daban take haɗawa don kada cuta ɗaya ta sake share su baki ɗaya, har gudummawa take karɓa daga jama'a. Wanda ya hau keke tsakanin Carcassonne da Béziers a bana zai yi kilomitoci cikin rana tsaka, yana wuce 'yan dashe da aka ɗaure a jikin sanda, waɗanda sai sun yi shekaru masu yawa kafin inuwarsu ta kai tsakiyar ruwan.