Naushi

naushi (suna, namiji, jam'i: naushe-naushe). Duka da dunƙulallen hannu. Daga aikatau *nausa*: "Ya naushe shi a haɓa."

1. A dambe: bugun da ake kaiwa da hannun da aka naɗe da zare tamau, wanda ake kira *mashi*, yayin da ɗayan, *garkuwa*, yake miƙe gaba yana karewa yana auna nisa. Ɗan kallo yakan ɗauka ƙarfin a damtse yake. A'a, daga ƙasa yake tasowa. Ɗan dambe yakan dogara da ƙafar baya, ya turje ta, ya murɗa ƙugu, kafaɗa ta biyo, hannu ya iso daga ƙarshe ɗauke da nauyin jiki duka. Wanda ya taɓa ganin mai saran rake a fadamun Maƙarfi ko Kudan ya san wannan murɗawar. Adda faɗuwa kawai take yi. Shi ya sa siririn yaro mai tsayuwa daidai yakan kayar da ƙato a fagen kaka a Ikara, 'yan kalangu su ruɗe da kiɗa. Haɓa aka fi nema, don bugunta na girgiza ƙwaƙwalwa, gwiwa ta saki. Da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa, an yi *kisa*, ko da a turmin farko ne.

2. A hira: magana mai zafi da ta sami mutum ba shiri. "Amsar da ta ba shi naushi ce."

Duba: *dambe*, *mari*, *ƙulli*.